Kauci ya hau mana ɗorawa, an ce a kashe tsuntsaye da jemagu

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san itatuwa. Gonarmu ta gado tana wajen Zariya, akwai ɗorawa 14, kaɗanya 9, da mangwaro kaɗan a gefen rafi. Kauci ya hau kusan rabin ɗorawar da kaɗanyar, wasu rassan har sun bushe daga inda ya kama zuwa ƙarshe. Ɗorawar kuma tana fure sosai, amma kalwar da ake samu ba ta kai ta da ba. Ga dogon yaro sai tsirowa yake a gindin kowace bishiya alhali ba wanda ya shuka shi. Masu kula da gonar sun ce duk aikin tsuntsaye ne da jemagu, wai a ba su kuɗin raga da maganin da za su zuba a ruwa, a kashe su a huta. Kafin in ba da kuɗin, gaskiyarsu ne? In an kashe su kaucin zai tsaya?

Malamin Daji:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kar ka ba da kuɗin nan. Gaskiya ne tsuntsu ke shuka kauci, amma maganin da suka kawo ba zai taɓa kaucin ba, waɗanda ba ruwansu zai kashe.

Kauci yana da ganyensa kore, yana haɗa abincinsa da hasken rana. Abin da ba shi da shi, saiwar da za ta shiga ƙasa. Sai ya kafa tasa a cikin itacen reshe, ta haɗe da jijiyoyin da ke hawo da ruwa. Kuma bai san tsimi ba, ko a tsakiyar rani ganyensa ya fi na bishiyar da ya hau zubar da ruwa. Shi ya sa za ka ga reshe ya kumbura a inda ya kama, abin da ke gaba da kumburin kuma ya bushe. Ruwan ne ba ya wuce shi.

Tsuntsaye iri biyu ne a harkar, kowa da aikinsa. Akwai sha-kauci, mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda namijinsa ke sheƙi a rana. Furen kaucin da muka fi gani, na dangin Tapinanthus, dogo ne siriri mai ja, kamar tsinken ashana. A rufe yake, sai tsuntsun ya sa baki ya tsage ya watsa masa gari a ka, ya kai wa wani furen. Barbara kawai yake yi. Mai shukar daban ne, ɗan mitsitsi da bai fi santimita 11 ba, goshinsa rawaya, masana na kiransa Pogoniulus chrysoconus. Da wuya ka gan shi, amma ka san kukansa, kwam-kwam-kwam ba tsayawa, da rana tsaka a can ƙololuwar bishiya. Yakan matse ɗan kaucin ya yar da ɓawon, ya haɗiye ƙwallon, ba da jimawa ba ya amayo shi. Ƙwallon yana lulluɓe da yauƙi mai danƙo, sai ya manne masa a baki, shi kuma ya goge bakin a jikin reshe. An shuka ke nan.

Ƙwallon ba ya jiran damina, da an cire masa ɓawo cikin kwanaki zai fara tsiro. Wanda ya faɗi ƙasa ya mutu. Ya fi kama ƙananan rassa masu laushin ɓawo waɗanda rana ke samu. Tunda kuma ba ya daɗewa a cikin tsuntsun, yawancinsa a kan bishiyar da aka ci shi yake komawa, ko maƙwabciyarta. To ka ga rumbun irin yana nan a kan itatuwanku. Muddin 'ya'yan kauci na nuna a wurin, in ka kashe goma wasu za su zo daga gonar maƙwabta. Guba a ruwa kuwa kurciya za ta sha, zabi da awaki su sha, ƙudan zuma su sha, sannan shaho da mujiya da karnuka su ci mushen. Yara ma suna tsintar mataccen tsuntsu su gasa.

Aikin zarto ne. A fara da zagaye lokacin hunturu, sa'ad da kaɗanya ta kakkaɓe ganye, don a lokacin duk wani dunƙulen kore da ka hango a sama kauci ne. A sa wa bishiyoyin alama. Yankan kuma a yi shi kafin 'ya'yan kaucin su nuna. Da ka ga ya yi fure, lokaci ya yi. In kun bari har 'ya'yan sun yi ja, tsuntsun ya riga ku.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa maƙata a fizgo ganyen a ce an gama. Saiwar tana cikin itacen, za ta sake toho, wani lokaci ma ya fi na da yawa. Reshen da ya kama shi ake yankewa, santimita 30 zuwa 50 bayan kumburin ta wajen gangar bishiyar, wato kusan kamu ɗaya. A duba fuskar yankan. In akwai wani tsagi mai launi daban da na itacen, ba a wuce saiwar ba, a ƙara matsawa baya. In reshen mai nauyi ne, a fara tsaga shi ta ƙasa, sannan a yanke ta sama gaba kaɗan, nauyin ya faɗi, sai a dawo a gyara guntun dab da wuyan reshen. In aka sare ta sama kawai da gatari, yana faɗuwa zai saluɓe ɓawon har gangar jiki, ruɓa da gara su samu ƙofa. Ba a shafa baƙin mai a wurin, yanka mai tsabta da kansa yake rufewa.

Inda ya kama babban reshen da ba za a iya asararsa ba, a sheme kaucin dab da ɓawo, a naɗe wurin da baƙar leda ninki biyu ko uku a ɗaure. Ba ya rayuwa babu haske. A riƙa dubawa, don rana tana cin leda, in ta yage a sake.

Kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan bishiya a shekara guda. Wadda ya yi wa yawa a raba aikin shekara biyu ko uku, don ɗorawar da aka yi wa aski kwal tana ɗaukar shekaru kafin ta koma haihuwa. Mai hawa ya kiyayi reshen da kauci ya daɗe a kai, yana karyewa ba sanarwa. Ganyen da aka sauke a ba awaki, ba sai an ƙone ba. Sannan a koma baɗi, saboda ƙananan da ba su fito fili ba bana. In za ka iya haɗa maƙwabta a yi gayya a mako ɗaya, ya fi komai. Manoman koko a Ghana da irin wannan kaucin suke fama, kuma ba su da wata dabara da ta wuce wuƙa a kan doguwar gora, shekara bayan shekara.

Malama Mai Zuma:

Malam ya gama da kauci. Ni a kan kalwa zan tsaya, don nan ne shawarar masu kula da gonar ta fi haɗari. Jemagun da ake so a kama da raga, suna cikin masu yi wa ɗorawar barbara.

A tsinko kan fure ɗaya a duba da kyau. Jan dunƙulen nan da ke reto a doguwar igiya ba fure ɗaya ba ne, ƙananan furanni ne sama da dubu a cure. Na jikin dunƙulen su ne masu haihuwa. Na sama, a wuya kusa da igiyar, ba sa haihuwa, aikinsu tsatso ruwan zaƙi. Da magariba suke buɗewa, dare ɗaya tak suke yi, gari na wayewa sun fara yaushi. Bishiyar da ta rataye furenta a fili nesa da ganye, ta cika shi da ruwan zaƙi cikin dare, jemage take kira. Yakan sauka ya rungume dunƙulen yana lasar wuyan, ƙirjinsa da cikinsa su yi buɗu-buɗu da garin fure, ya tashi ya faɗa wata bishiyar. Tun 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka rubuta wannan daga abin da suka gani a Ghana. Waɗannan jemagun masu cin 'ya'yan itace ne, masu manyan idanu da doguwar fuska. Ba su ne ƙananan da ke shiga silin ba, waɗancan ƙwari suke ci.

Ƙudan zuma ma suna zuwa, da magariba kafin duhu ya rufe da kuma asuba. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna inda jemagu suka yi ƙaranci, ƙudan zuma suna riƙe aikin. Bambancin shi ne nisa. Ɗorawa ba ta cika karɓar garin kanta ba, ta fi son na wata. Ƙudan zuma sun fi zagaye bishiya ɗaya da na kusa da ita, jemage kuwa yana tsallake gonaki. In maƙwabta sun sassare tasu ɗorawar don gawayi, buƙatarku ga jemage ƙaruwa ta yi.

Ba sai an yi gardama da masu kula da gonar ba, a gwada su gani da idonsu. Lokacin furen, wajen Fabrairu zuwa Maris, a zaɓi kan fure 30 da ba su buɗe ba a bishiya biyu ko uku. Goma a rufe su da ƙyallen gidan sauro, ba mai shiga. Goma a yi musu keji da wayar kaji, ƙudan zuma su shiga, jemage ya kasa. Goman ƙarshe a bar su a buɗe. A ɗaura zare mai launi daban a igiyar kowane rukuni. Bayan kwana biyu da buɗewa a kwance rufin, bayan wata guda a ƙirga 'ya'yan da suka ɗauru a kowanne. In na gidan sauro sun tashi kusan fanko, an san barbara daga waje take zuwa. In na buɗe sun fi na keji sosai, jemage ne ke ciyar da ku. In kuwa duk ukun sun yi ƙaranci, to ko masu barbarar duka sun ƙaurace, ko matsalar a jikin bishiyar take: tsufa, kaucin da ke shan ruwanta, ko ƙarancin ruwan daminar da ta wuce. A kuma tuna ɗorawa ba ta haihuwa daidai kowace shekara, kar a yanke hukunci da shekara ɗaya.

Abubuwan da ke korar masu barbara sanannu ne. Ƙona daji a ƙarshen rani yana babbake fure da hayaƙinsa. Feshin maganin ƙwari a mangwaro ko lambun rani na gefen rafi, daidai lokacin da ɗorawa da kaɗanya ke fure, yana kashe ƙudan zuma a wurin shan ruwa da kan furen ciyawa. Sai ɗiban zuma da wuta cikin dare, wanda ke hallaka gidan gaba ɗaya don a sha sau ɗaya. Kaɗanya ma ta fi ɗorawa dogaro da su, ita ƙudan zuma ne ke mata barbara, manya da ƙananan nan marasa harbi. Amya biyu ko uku a gonar, da kasko na ruwa mai tsakuwa a ciki don kar su nutse, sun fi kuɗin raga amfani nesa ba kusa ba.

Kiyaye jemage ba yana nufin a riƙa taɓa shi ba. Yana ɗauke da cututtuka. Akwai ƙwayar cuta dangin ta haukan kare da aka fara ganowa a jikin jemage a Legas a 1956. Kar yara su ɗauki wanda ya faɗo, kar a ci ɗan itacen da ya gatsa. Ragar ma ita ce ke sa mutum ya kama shi da hannu yana cizo.

Na Maraɗi:

Gaisuwa ga malamai. Dogon yaro, wanda mu nan muka fi ce wa bedi, ba ɗan ƙasa ba ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa. Abin da ya sa ya bazu haka, 'ya'yansa in sun nuna suna da ɗan zaƙi, tsuntsaye da jemagu na so. Jemage ba ya ci a inda ya tsinka, yakan ɗauka ya je wata bishiyar ya rataya, ya tsotse ya yar da ƙwallon. Shi ya sa kake ganinsu a gindin ɗorawa ba a tsakiyar gona ba. Inda ake sauka, nan ake shuka.

Maganinsa hannu. A farkon damina, ƙasa da laushi, a tumɓuke shi da saiwarsa tun bai kai gwiwa ba. In ka sare shi da adda ka ƙara masa ƙarfi ne, kututturen zai fito da toho biyar a madadin ɗaya. Wanda ya riga ya girma a jikin ɗorawa sai an haƙe gindin, ko a yi ta karye tohon duk fitowa har ya gaji.

Amma Baban Khalifa, kar yara su shiga da fartanya su share duk abin da ke gindin. Bakin da ya kawo bedi shi ne ke kawo kaɗe. In ka ga ƙwallon kaɗanya a tare a gindin bishiyar da ba kaɗanya ba, jemage ne ya ajiye. Ƙwallon kaɗanya ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, sai a binne shi cikin kwanaki kaɗan da faɗuwarsa. Kuma saiwa yake fara saukarwa can ƙasa, ganyen sai bayan watanni, mutane su ɗauka ya ruɓe su bi ta kai da garma. A kafa turke a wurin. Kaɗanya tana kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa, gonar da duk itatuwanta na kakanni ne kuma babu ƙanana a bayansu, rana ɗaya za a wayi gari babu.

Haka za ka samu ɓaure, kanya, tsada, wani lokaci ceɗiya. Ita ceɗiya a lura da ita. In ta tsiro a cikin gwafar bishiya ba kauci ba ce, ba ta shan ruwan bishiyar, amma tana sauko da saiwoyi har ƙasa, su yi kauri su shaƙe mai masaukin. A cire ta tun tana ƙarama. Ɓaure ɗaya a bakin rafi kuwa a bar shi, don yana ciyar da cilakowa da jemagu a lokacin da sauran itatuwa ba su da komai. Ba kowane tsuntsu ke shuka ba. Cilakowa haɗiyewa take ta kasayar da irin lafiya, kurciya da aku kuwa niƙe shi suke.

Nisan da abin ke kaiwa ya wuce yadda ake zato. Manyan jemagun nan masu ruwan ƙasa-ƙasa da ke cika itatuwan wajen asibitin sojoji na 37 a Accra, an ɗaura wa wasunsu na'urar bin sawu, aka ƙiyasta suna iya kai ƙananan iri har kilomita 75 daga inda suka ci.

Mu a nan shanu ne manyan masu shuka. Gawo yana zubar da 'ya'ya da rani, lokacin da ba ciyawa. Irin da ya zauna a ƙasa ƙwaro ke hudawa. Wanda saniya ta haɗiye ya tsira daga ƙwaron, ɓawonsa mai tauri ya yi laushi, ya fito cikin taki. Shi ya sa tsohon masheƙari ke cika da 'yan gawo da damina. Akuya ta fi tauna irin, ba ta kai saniya ba. Mai son raino a leda sai ya kwaikwayi cikin saniyar: a tafasa ruwa a sauke, a zuba irin ya kwana ya yini, ko a ɗan ƙwanƙwashe gefen ɓawon da abin yanke farce. Kar ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda, saiwarsa doguwa ce, in ta naɗe a gindin leda bishiyar ba za ta yi kirki ba. Kuma dabbar da ta shuka ita ce za ta cinye, sai an kewaye da ƙaya shekara biyu ko uku.

Sassabin zamani da aka fara a yankin Maraɗi a shekarun 1980 bai wuce wannan ba: a bar abin da ya tsiro da kansa, a zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi a kututture, a cire sauran, a rage rassan ƙasa zuwa rabin tsawo. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Kusan ba wanda ya dasa su.

Inda na ɗan saɓa da Malamin Daji, ban ga dalilin ƙarar da kauci kakaf ba. Masu magani na nemansa, dabbobi na ci da rani, sha-kauci kuma da shi yake rayuwa, ƙwari ma yana kamawa.

Malamin Daji:

Na Maraɗi, a daji na yarda, a bar shi. A cikin gonar da ake jiran kalwa da kaɗe ban yarda ba, don tushe ɗaya mai 'ya'ya ya isa ya mayar da aikin shekara biyu baya. Wanda ke son na magani ya tsinka a itatuwan da ke nesa da gona. In dole sai an bar shi kusa, a riƙa sheme shi da zarar ya gama fure.

Baban Khalifa:

Allah ya saka da alheri, na fasa ba da kuɗin. Saura mangwaron. Shi kam da idona na ga ɓarnar jemagu, ya za a yi da shi ba tare da raga ba?

Malama Mai Zuma:

Nunanne suke bi, da ƙanshi suke gano shi. A riƙa tsinke shi da ya ƙosa, wato kafaɗunsa sun cika sun taso a gefen hanci, naman ciki kusa da ƙwallo ya fara rawaya, sai ya ƙarasa nuna a ɗaki. A zagaya kowane kwana biyu ko uku a lokacin kaka, a kwashe wanda ya faɗi ƙasa don shi ke kiransu, shi ke tara ƙudan da ke sa tsutsa. Na ƙananan rassa masu daraja a sa musu jakar takarda ko ƙyalle ɗaya-ɗaya. Na can ƙololuwa da gora ba ta kaiwa, dama ba ku za ku ci ba.

In bishiyar gajera ce kuma lallai sai an rufe, a nemi raga mai ƙananan idanu wadda yatsa ba ya shiga, a ja ta ta yi tsam a kan sanduna, a ɗaure ta a gindi. Siririyar raga mai faɗin ido da aka yafa sakaka ita ce ke sarƙe fiffike. A sa bayan 'ya'yan sun ɗauru, ba lokacin fure ba, don mangwaro ma ƙudaje da ƙudan zuma ke masa barbara. Ana gama tsinka a kwance ta.